Katange Makwancin Mutanen 1899: Littafin Aiki

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Yau kwamitinmu ya yi zamansa na farko a nan Tawa, aka ɗora mini nauyin rubuta duk abin da aka yi da abin da aka kashe, domin ƴan'uwan da suka aiko da kuɗinsu daga Yamai da Abijan da Legas su riƙa sanin inda aka kwana. Aikin da muka sa gaba shi ne kewaye wani ɗan fili da ke tsakiyar gonar gero a ƙauyen kakannina na wajen uwa, gabas da Birnin Ƙonni. Dattawan garin sun gaji labari daga iyayensu cewa a nan aka rufe mazajen da suka fita da baka da kwari suka tare rundunar Faransa a shekarar 1899. Babu dutse a wurin, babu rubutu, kuma abin da ya tsare shi duk waɗannan shekaru shi ne girmamawar mutane, don ba wanda yake jefa iri a kansa. Sai dai tun da garmar shanu ta shigo, kowace damina bakin garma yakan ɗan ci gefe ba da niyya ba, har filin da na sani ina yaro ya koma kusan rabinsa.

Saboda matasan da za su karanta wannan, ya kamata in faɗi wace runduna ce. Ita ce wadda kyaftin Voulet da kyaftin Chanoine suka jagoranta, bayan gwamnatin Faransa ta aike su daga yamma su kai Tabkin Cadi. Turawan cikinta ƴan kaɗan ne. Masu riƙe da bindigogi ƴan Afirka ne da aka ɗauka soja, ga ɗimbin ƴan dako da aka kama da ƙarfi, ga mata da bayi da dabbobi, ayarin da duk inda ya sauka sai ya cinye rumbu ya ƙafar da rijiya. A watan Janairu na 1899 suka yi kisa a Sansani Hausa a bakin kogi, a watan Afrilu Sarauniya Mangu da mutanenta suka tare su a Lugu, wajen Dogon Dutsi, sannan ranar 8 ga Mayu suka faɗa wa Birnin Ƙonni suka ƙone shi. A wancan lokaci Ƙonni tana cikin rabon Ingila bisa yarjejeniyar 1898, wadda ta zana da'ira kewaye da Sakkwato, amma neman ruwa da abinci ya sa suka ƙetare layin. Daga Ƙonni suka nufi gabas, ƙauyenmu kuwa yana kan hanya.

Kuɗin da ke hannu jika 640 ne (jika ɗaya sefa dubu ce, dala ɗaya kuma sefa biyar). Mun yanke shawarar gamawa kafin damina.

Asabar, 18 ga Janairu

Mun tashi daga Tawa da asuba, muka bi ta Badagishiri da Tsarnawa, muka isa ƙauye da hantsi. Mun fara da gaishe da mai gari a zaurensa, na ce masa, “Ranka ya daɗe, mun zo neman izini ne, ba mu zo da hukunci ba.” Ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce shi ba ya ba da abin da ba nasa ba, a kira mai gona.

Mai gonar taubashina ne, ɗan kawuna, mutum mai iyali da yawa wanda geronsa ba ya kai shi kaka mai zuwa sai ya haɗa da cin rani. Ya kai mu wurin da ƙafa. Filin ya ɗan yi tudu kaɗan bisa sauran gona, ƙasarsa ta yi tauri ta yi fari, akwai tsohuwar aduwa a gefen kudu da sabara nan da can, kuma kututturen karan bara sun kewaye shi ta kowane gefe. A gefen yamma na ga sawun garma ya shiga kamar taku biyu, ya lanƙwasa ya fita, alamar mai riƙe da ita ya farga ya janye shanu. Taubashi ya ga ina kallo, ya ce, “Mushe, yaro ne ya yi, kuma na yi masa faɗa. Amma ka sani iyakar da ba a gani, yaro ba ya iya tsare ta.” Wannan magana tasa ita ce hujjar aikin gaba ɗaya, kuma ta fi duk abin da muka tsara a Tawa ƙarfi.

Mun auna da igiya: tsawo mita 20, faɗi mita 14, har da ɗan gefen da muka ƙara daga gonar da ake nomawa. Ya ƙi karɓar kuɗi a kan tudun, ya ce ba a sayar da makwancin kakanni. Na matsa a kan gefen da muka ƙara, domin a ganina bai dace a karrama matattu da hatsin ƴaƴansa ba, kuma duk aikin tarihin da ya fara da cutar da manomi ba zai daɗe ba, don manomin ne zai zauna da shi bayan mun koma birni. Aka daidaita a kan buhu biyu na gero, jika 50.

Asabar, 25 ga Janairu

Mun yi magana da magini a Ƙonni. Ya ba da shawarar katangar dutse mai tsayin mita ɗaya maimakon bulo, saboda akwai tudun duwatsu kusa da gari. Kuɗin hannunsa jika 170.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Aiki ya tsaya tun bai fara ba. Limamin gari ya aiko cewa bai yarda ba, don haka muka koma ƙauye muka zauna da shi a ƙofar masallaci bayan la'asar.

Abin da ya tayar da hankalinsa shi ne hotunan da wani matashi daga cikinmu ya yi ta nuna wa mutane a wayarsa. Ɗaya na maƙabartar Chasselay ce a arewa da birnin Liyon na Faransa, inda aka rufe sojojin Afirka 188 da sojojin Jamus suka kashe a watan Yuni na 1940, da yawansu bayan sun ajiye makami an ware su daga farare. An kewaye ta da jar katanga mai siffar ginin ƙasar Sudan ta yamma, aka buɗe ta a 1942. Ɗayan kuma na Douaumont ne a fagen yaƙin Verdun na 1916, inda wani dogon gini mai hasumiya yake ɗauke da ƙasusuwan sojoji kimanin 130,000 na Faransa da Jamus waɗanda ba a gane su ba, a gabansa kuma kaburbura sama da 16,000 a jere, har da ɓangaren Musulmi da aka fuskantar da alƙibla. Yaron yana nufin alheri, yana so a ga yadda wasu suke girmama matattunsu, amma labari ya isa kunnen liman da cewa za mu gina hasumiya.

Liman ya kawo hadisin Jabir, wanda a cikinsa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana a shafe kabari da farar ƙasa, ko a zauna a kansa, ko a yi gini a bisansa. Ya ƙara da abin da ya fi damunsa: cewa cikin waɗanda ke kwance akwai Musulmi akwai azna, kuma yana tsoron in aka ƙawata wurin, wata rana a wayi gari ana kai farin zakara ana roƙon ruwa. Na ce, “Allah gafarta Malam, ba mu da niyyar ɗora ko dutse ɗaya a kan tudun. Garma muke so mu tsayar.” Ya yi shiru, sannan shi da kansa ya kawo abin da ya warware maganar. Ya ce shahidan Uhudu an rufe su a inda suka faɗi, mutum biyu da uku a kabari ɗaya, kuma Annabi ya ɗauki dutse ya ajiye a kan kabarin Usmanu ɗan Maz'unu domin ya riƙa gane shi. Ya ce alama ta halatta, tsare kabari daga tattaki kuwa wajibi ne, abin da aka hana shi ne ado da alfahari. Ya gindaya sharuɗɗa: katanga ta tsaya a wajen tudu, kada ta wuce ƙugun mutum, ba rumfa, ba fenti, allon rubutu kuma a kafa shi daga waje.

Mun karɓa, kuma ni a raina na fi gamsuwa da wannan tsari bisa wanda muka zo da shi. Faransa ta gina Douaumont da kuɗin da aka tara daga birane masu yawa bayan yaƙin da ya cinye mata mutum sama da miliyan ɗaya, ta kuma fitar da ƙasar noma mai faɗi daga amfani saboda bamabamai, har akwai ƙauyuka irin su Fleury da ba a sake gina su ba. Mu fagen yaƙinmu gona ce mai rai, ana cin tuwo daga gare ta kowace shekara. Alamar da ta dace da mu ita ce wadda za ta zauna lafiya da gero a gefenta.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Maganar takarda. A ƙarƙashin tsarin dokar karkara ta 1993 an kafa hukumomin filaye tun daga ƙauye, kuma ta ƙauyen, wadda ake kira Kofob, mai gari ne shugabanta, ita ke ba da takardar shaidar kyautar fili. Da aka zo sa hannu sai ya bayyana cewa ba a raba gadon gonar ba tun rasuwar kawu, don haka sai duk magada sun yarda. Mata biyu suna aure a garuruwa na kusa, an same su cikin sauƙi. Ƙaramin yana cin rani a Libiya, kuma da farko ya ƙi, saboda ya ji cewa ƴan birni sun zo za su karɓe gona su yi wurin yawon buɗe ido. Sai da babbar yayarsu ta yi masa saƙon murya mai tsawo ta WhatsApp, ta bayyana masa girman filin da taku, sannan ya aiko da yardarsa a gaban shaidu biyu. Ban ga laifinsa ba. Mutumin da ke ɗaukar bulo a ƙasar wasu don ya riƙe gonar ubansa yana da haƙƙin ya yi tambaya.

Takardu da sufuri: jika 20.

Asabar, 22 ga Fabrairu

An kawo siminti buhu 40 na Malbaza, jika 130 har da dako. Samari masu amalanken jaki sun fara jido dutse, kowace amalanke dala 300, kuma magini ya ce 80 za su isa, wato jika 120. Yashi jika 30. An ajiye siminti a zauren mai gari.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Ina Tawa magini ya kira ni da rana tsaka, muryarsa tana rawa. Suna haƙa ramin tushe a gefen yamma, zurfin bai kai gwiwa ba, sai diga ta fito da ƙashi. Na ce su ajiye kayan aiki kada kowa ya taɓa kome, na kama hanya.

Na iske sun rufe wurin da tabarma, taubashi yana zaune a gefe. Da aka ɗaga, na ga dogon ƙashi na ƙafa ya yi launin ƙasa, ya tsage a tsawonsa, kusa da shi kuma wani ɗan ƙarfe mai tsatsa, tsawon yatsa, wanda dattawa suka ce kan kibiya ne. Wurin yana wajen layin da muka ja, a cikin ƙasar da aka yi shekaru ana shukawa. Ma'anar haka ita ce makwancin ya fi abin da idonmu ya gani faɗi, kuma an daɗe ana noma a kan wasu. Taubashi ya sunkuyar da kai ya ce, “Ashe a kansu muke ci.” Liman ya amsa masa da cewa Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba, ya sa aka kawo farin ƙyalle aka lulluɓe ƙashin a inda yake ba tare da an ɗaga shi ba, aka mayar da ƙasa.

Wani daga cikin kwamiti ya so mu ɗauki kan kibiyar mu kai gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, wani kuma ya so a ci gaba da tono a ga iyakar kaburbura. Na ƙi duka biyun. Dokar 1997 ta kare kayan tarihi ta hana tono ba da izinin hukuma ba, kuma ko babu doka, mu ba masana tonon tarihi ba ne, abin da digarmu ta ɓata ba mai iya gyara shi. Mun rubuta wa ofishin al'adu na jiha wasiƙa muka sanar da abin da aka gani da inda yake. A kewayen Verdun da Somme har yau manoma da masu aikin hanya suna cin karo da ƙasusuwan sojoji da harsasan igwa, kuma a can akwai jami'an da ake kira su zo su ɗauka, wani lokaci har a gane mutum ta lambar ƙarfen da ke jikinsa. Namu ba su da lamba. Abin da za mu iya yi musu shi ne mu matsar da katanga.

Mun ƙara mita 3 zuwa yamma, taubashi ya ƙi karɓar ƙarin gero. Ƙarin kuɗi: siminti buhu 4, dutse amalanke 8, da hannun magini, jimla jika 40.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama. Ana aiki daga asuba zuwa hantsi kawai. An gama tushe, gefen gabas ya tashi rabi.

Asabar, 22 ga Maris

Mun yi zama biyu a kan abin da za a rubuta a allo, kuma wannan ya fi jidar dutse wuya.

Matasa sun so a rubuta adadin waɗanda aka kashe, wani ya ce 300, wani ya ce kakarsa ta ce sun fi haka. Na roƙe su kada mu sa lamba. Ba wanda ya ƙirga a ranar, waɗanda suka tsira sun gudu daji ne, suka dawo bayan ayari ya wuce suka rufe abin da suka samu. In muka sassaƙa adadin da muka ƙirƙira, ranar da wani masani ya ƙaryata shi zai ƙaryata duk labarin tare da shi. Sun kuma so a rubuta cewa Turawa ne suka harbe su. Gaskiyar ta fi haka nauyi: Turawa ne suka ba da umarni kuma alhakin yana wuyansu da na gwamnatin da ta aike su, amma yatsun da suka ja kunamar bindiga na ƴan Afirka ne. Su ne kuma suka kawo ƙarshen abin. Da labarin ɓarnar ya isa Faransa ta wasiƙar wani laftana da aka kora daga rundunar, aka aiko kanar Klobb daga Tumbutu ya bi sawunsu ta ƙauyukan da aka ƙone. Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli 1899, kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojin suka juya suka kashe Chanoine, sannan Voulet. Kaburburan mutanen nan biyu suna Maijirgi, kusa da Tasawa, sananne ne wurin, duk mai so yana iya zuwa ya gani. Waɗanda suka kashe kuwa, daga bakin kogi har ƙasar Tasawa, da wuya ka samu inda aka rubuta sunan mutum ɗaya daga cikinsu.

Wannan rashin suna ya wuce ƙasarmu. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na Ingila da ƙasashen da ta mallaka ta fitar da rahoto ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin duniya na farko, galibinsu ƴan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, kuma adadin yana iya kaiwa 350,000, alhali kowane sojan Bature an nemi a sassaƙa sunansa. A Thiaroye ta Senegal, inda sojojin Faransa suka buɗe wuta kan sojojin Afirka da suka nemi haƙƙinsu ranar 1 ga Disamba 1944, har yanzu ana jayayya a kan yawan waɗanda suka mutu.

Don haka na ce mu nemi sunaye maimakon adadi. Mun zauna da tsofaffin mata, domin su ne suka riƙe zuri'a. Wata gwaggona da idonta ya tafi ta ce, “Ɗana, kawo kunnenka,” ta fara jero kakanni daga kanta zuwa baya tana lanƙwasa yatsu, har ta kai kan wanda ta ce ya fita da safe da kwarinsa bai dawo ba, ya bar mace da ciki, kuma abin cikin shi ne kakanta. Mun kafa ƙa'ida: ba za a rubuta suna ba sai gidaje biyu da ba su zauna tare a gabanmu ba sun ambace shi. Da wannan ƙa'ida muka samu sunaye 11. Wasu 6 gida ɗaya ne kawai ya kawo su, na ajiye su a littafi dabam.

Rubutun da aka amince da shi, da boko da ajami, shi ne: “A nan aka rufe mutanen wannan gari da aka kashe a shekarar 1899, lokacin da rundunar Voulet da Chanoine ta wuce. Ga sunayen da aka riƙe. Sauran, Allah ya san su.” Za a bar fili a ƙasan allon saboda sunan da zai iya tabbata nan gaba.

Gudummawar azumi ta ƙara mana jika 110.

Asabar, 5 ga Afrilu

An koma aiki bayan Sallah. Gabas da kudu sun kammala. An ba maƙeri aikin ƙofa, jika 50, da allon ƙarfe, jika 35.

Asabar, 19 ga Afrilu

Gefen arewa ya rushe, kimanin mita 7.

Abubuwa biyu ne suka haɗu. Zafin bazara ya sa ruwan rijiyar gari ya ja baya, mata suna kwana a bakinta, kuma ba mai ƙarfin halin ɗiban ruwan ban gini alhali ana jiran na sha. Saboda haka sabon ginin ya kwana biyu ba a yayyafa masa ruwa ba, siminti ya bushe kafin ya kama, in ka murza shi da yatsa sai ya zube. A daren na uku garken shanu ya bi ta burtalin da ke arewa da gonar, dabbobi suka matsu a kwanar, suka jingina da katanga, ta kwanta ciki. Allah ya sa duwatsun ba su kai kan tudu ba.

Da safe samari sun fusata suna neman a bi makiyaya a ci su tara. Mai gari ya hana, ya aika aka kira ardo. Muka je tare muka auna burtalin, sai ga shi gonaki sun ci shi daga gefe biyu har ya rage faɗin da shanu uku ba sa wucewa a jere. Ardo ya ce, “Ranka ya daɗe, kakanninmu ma a wannan shekara suka rasa shanunsu a hannun mutanen nan. Da mun san abin da ake ginawa, da mun kewaya.” Ya yi alkawarin sanar da rugage, ya kuma ba da jakuna biyu su riƙa kawo ruwa daga wani tabki mai ɗan nisa har a gama. Mai gari ya ce zai kai maganar faɗin burtali gaban Kofob kafin shuka, kuma ina fatan za a yi, don in ba a buɗe hanyar ba katangar za ta sake shan matsi kowace shekara.

Mun yanke cewa za a sake ginin da yamma kawai, a rufe shi da tsofaffin buhuna jiƙaƙƙu, a kuma jera ƙayar magarya ta waje har ya yi ƙarfi. Siminti buhu 6 jika 20. Magini ya rage kuɗin hannunsa zuwa jika 10.

Asabar, 3 ga Mayu

Katanga ta haɗu ta kowane gefe. An kafa ƙofa ta gabas, ba kwaɗo, sakata ce kawai. Allo ya iso, an duba rubutun ajami tare da liman, daidai yake.

Alhamis, 8 ga Mayu

Mun zaɓi yau domin ita ce ranar da Ƙonni ta faɗi, shekara 126 ke nan. Ba mu gayyaci manyan baƙi ba kuma ba a yi kiɗa ba. Bayan sallar asuba mutanen gari suka fito, ardo ya zo da mutanensa, daraktan lakwal ya kawo ƴan aji shida. Aka kafa allo a wajen ƙofa, wata yarinya ta karanta sunayen 11 da boko, wani almajiri ya karanta da ajami, liman ya yi addu'a gajera.

Bayan an watse wani dattijo, tsohon soja, ya tsayar da ni. Ya ce, “Malam, aikinku ya yi kyau, amma ga namu na yanzu suna faɗuwa a daji, wa zai yi musu?” Ya ambaci Inates, inda aka kashe sojoji 71 a watan Disamba na 2019 aka rufe su a sansanin sojan sama na Yamai, da Shinagodar bayan wata ɗaya, da mutanen ƙauyukan Tiliya a nan jiharmu ta Tawa da aka kashe a watan Maris na 2021. Ya ce sojojin aƙalla suna cikin rajista, amma talakawan da aka rufe cikin gaggawa a bayan ƙauyukansu suna kan hanyar zama kamar waɗannan na cikin katanga. Na ce masa yana da gaskiya, kuma abin da aikin nan ya nuna mini shi ne a rubuta suna tun masu saninsa suna da rai, da sunan uba da gari da rana. Ya ce zai zo Tawa mu zauna, yana da abokan aiki da suka fito daga can. Zan kai maganar gaban kwamiti, ko da yake ta fi ƙarfin asusunmu kuma hanyar arewa ba ta biyuwa yanzu.

Asabar, 24 ga Mayu

Lissafi: abin da ya shigo jika 750. Abin da ya fita: gero 50, takardu da sufuri 20, siminti na farko 130, dutse 120, yashi 30, magini 170, ƙarin gefen yamma 40, gyaran arewa 30, ƙofa 50, allo 35, ruwa 60, jimla jika 735. Saura jika 15, suna hannun ma'aji, kuma rasit duka suna nan ga mai son dubawa.

Abin da ya rage: in ruwa ya sauka ƙasa ta jiƙu za a dasa aguwa a bayan katanga ta gefen burtali, a kuma dasa gawo biyu a waje ta kudu, domin gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya hana gero rana, kuma yana ƙara wa gona ƙarfi. Ba za a dasa kome a ciki ba saboda saiwa. Taubashi zai riƙa duba katangar, ƴan lakwal za su cire ciyawa bayan kaka. Muna jiran amsar ofishin al'adu a kan wasiƙar Fabrairu. Ni kuma zan koma wajen tsofaffin garuruwa biyu na maƙwabta a kan sunaye 6 da suka rage, tun da akwai auratayya tsakaninsu da ƙauyenmu, kuma zan ɗauki muryoyinsu a waya in sun yarda. Zama na gaba na kwamiti bayan Babbar Sallah ne.